Yini a sansani, kwana a gida: dogon hutu tsakanin birni da Kauru

Makarantun Jihar Kaduna kan rufe zango na uku wajen ƙarshen watan Yuli, su koma a Satumba. Makonni shida ne zuwa bakwai a tsakiyar damina, lokacin da masara ta yi goyo a Kauru da Lere, citta ta rufe kunya a Kachia da Jaba, rafuka kuma suka cika suka batse. Ga yaro wannan shi ne lokacin da ya fi kowane daɗi a shekara. Ga uba da uwa da ke aiki a Kaduna ko Abuja ko Jos, lokacin lissafi ne: ina za a kai yaran nan, wa zai kula da su daga safe zuwa yamma, nawa abin zai ci?

Amsar da ta fi yawa a birni ita ce lesin. Makarantar da ta sallami yaro ranar Juma'a takan buɗe masa ƙofa bayan mako ɗaya ko biyu, aji ɗaya, allo ɗaya, sau da yawa malami ma ɗaya, illa dai an yafe masa kayan makaranta kuma iyaye sun biya wani kuɗin dabam. Hujjar kowa ɗaya ce: kar yaro ya manta karatu. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce rabin masu biyan kuɗin nan mai gadi suke nema wa 'ya'yansu, ba mai koyarwa ba. Malaman ma ba laifinsu ba ne. Makarantun kuɗi da yawa ba sa biyan albashin watan Agusta, da lesin ake cin tuwo.

Amsa ta biyu ita ce ta da: a tattara yara a sa su a mota, a tura su gida wurin kaka. Duk wanda ya tashi a Kaduna ko Zariya alhali asalinsa Damakasuwa ne ko Geshere ko Kwassam ko Kagoro ya san wannan tafiya. Ita ce ta riƙe harsunan gida a bakin 'ya'yan ma'aikata, ita ce ta koya musu bambancin acca da gero. Yanzu ta yi rauni ƙwarai, kuma kowa ya san dalili. Iyaye ba sa son yaro ya kwana inda ba sa nan.

Akwai wata hanya ta uku da ta kamata a duba, wadda wasu iyalai a Amurka suka mayar da ita al'ada, kuma idan aka cire mata ƙarfe da taya, sai a ga ba baƙuwa ba ce a kudancin Kaduna.

Yadda Amurkawa ke yi

A Amurka hutun bazara yakan kai makonni goma, daga Yuni zuwa Agusta. Abubuwa biyu suka girma a cikinsa tun da daɗewa. Na farko sansanin yara. Ana danganta mafarinsa da wani malamin makaranta, Frederick Gunn, wanda a 1861 ya ɗebi ɗalibansa a Jihar Connecticut suka yi tattaki zuwa bakin teku, suka kafa tanti suka yi mako biyu. Daga nan abin ya yaɗu, har aka kafa ƙungiyar masu sansanoni ta ƙasa a 1910. A yau akwai sansanin kwana, akwai kuma na jeka-ka-dawo, wanda ƙungiyoyi irin su YMCA da hukumomin gari da gidajen tarihi ke gudanarwa: a kai yaro da safe, a ɗauko shi da la'asar, a biya mako-mako. Ninkaya, ƙwallo, zane, binciken tsirrai da ƙwari, wani lokaci kwamfuta.

Na biyu shi ne motar tafi-da-gidanka, wadda ke ɗauke da gado da murhu da firji da banɗaki. Yawancinsu a yankin Elkhart na Jihar Indiana ake ƙera su, kuma a 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otel da jirgin sama, kamfanoni sun fitar da sama da 600,000 a shekara ɗaya. Akwai filaye na musamman da ake ajiye su, inda mutum zai jona ruwa da lantarki ya biya kuɗin dare. Kamfanin KOA, da aka fara a Billings ta Jihar Montana a 1962, yana da ɗaruruwan irin waɗannan filaye.

Haɗa biyun shi ne dabarar. Iyali su tuƙa motar zuwa wani gari kusa da tafki ko gandun daji, su ajiye ta mako ɗaya ko biyu, su yi wa yara rajista a sansanin jeka-ka-dawo na garin. Da safe yara su tafi cikin sa'o'insu, uwa da uba su buɗe kwamfuta su yi aikin ofis ta intanet ko su huta. Da yamma kowa ya dawo, a dafa abinci tare, a kwana tare. Abin yana da wahalhalunsa: guraben sansani kan cika tun watanni kafin hutu, wasu garuruwan kan fifita 'ya'yan mazauna ko su tsawwala wa baƙi kuɗi, ana neman takardar rigakafi, kuma ba a kai yaro ƙofar sansani da mota mai tsawon bas, sai an ja ƙaramar mota a baya. Amma abin da iyayen ke saye a fili yake. Yaro ya ga sabon wuri, ya yi sababbin abokai, ya gaji da wasa, amma dare bai taɓa yi masa a hannun wani ba.

Motar kanta ba tamu ba ce, kuma babu amfanin yaudarar kai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ma'aikaci mai ƙaramar mota ma sai ya yi tunani biyu kafin ya nufi Kafanchan daga Kaduna. Hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Kauru a watan Agusta ba su san babbar mota mai ƙasan ciki ba. Babur ne sarki a can. Wanda kuma ya ajiye farar mota mai labule a gindin dutse ya ce zai kwana a ciki da iyalinsa, ya aika wa ɓarayin daji goron gayyata ne. Abin ɗauka a nan shi ne yadda aka raba yini da dare.

Masu tafiya da gidansu tun asali

Kafin a je ga 'yan birni, akwai waɗanda suka riga kowa sanin wannan matsala a yankin. Bafulatanin da ke tashi da iyalinsa daga mashekari zuwa inda zai ci rani, gidansa gaba ɗaya yake ɗaurewa: tabarmi, ƙoren nono a jere cikin raga, tukwane, sandunan bukka, 'yan maruƙa a gaba, kaji a kwando a bayan jaki, yanzu kuma har da babur da faifan sola na cajin waya. A yini ɗaya mata sukan tayar da bukka a sabon wuri. Tambayar da ta dame su ita ce wadda ke damun mai motar Indiana: idan gida yana tafiya, ina yaro zai yini?

Gwamnatin tarayya ta gwada amsawa a 1989, lokacin da Farfesa Jibril Aminu ya jagoranci ma'aikatar ilimi a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Doka ta 41 ta wannan shekara ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, kuma hedkwatarta a Kaduna take. Cikin tsare-tsarenta akwai makarantar da ake naɗewa a ɗauka, aji na tanti da allo mara nauyi, malami ya bi ruga inda ta nufa, a daidaita lokacin karatu da lokacin kiwo. An yi amfani da rediyo, har da shirin Don Makiyaya a Ruga a gidan Rediyon Tarayya na Kaduna. A Ladduga, cikin gandun kiwo na Kachia mai faɗin sama da hekta 30,000, inda makiyaya da yawa suka koma bayan rikicin zaɓen 2011, makarantun sun zama na zaune.

Ba za a ce shirin ya cika burinsa ba. Malami da ba ɗan ruga ba ba ya daɗewa, albashi yakan makara, tanti yakan yage a damina ɗaya. Amma ya tabbatar da abu ɗaya da ya shafi zancenmu: makiyayi ya fi yarda ya ba da ɗansa na sa'o'i uku ko huɗu a makarantar da yake hangowa daga bakin garke, a kan ya ba da shi makarantar kwana komai kyanta. Shekara talatin da suka wuce ana kiran wannan ƙauyanci. Yau likita a unguwar Barnawa ta Kaduna ma haka yake tunani.

Abin da ya kashe kwana a sansani

Kudancin Kaduna ba baƙon sansanin yara ba ne. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883 ta kuma iso Najeriya a 1908, ta yi jijiya a coci-cocin ECWA da Anglican da Baptist na yankin, tare da takwararta ta 'yan mata. Duk wanda ya taɓa zama a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi ya san ƙarar gangunansu da begila da yamma, yara cikin hula da ɗamara suna maci a filin firamare, ƙaramin cikinsu yana ƙoƙarin daidaita ƙafa da na gabansa. A ɓangaren Musulmi akwai ƙungiyar ɗalibai ta MSSN da aka kafa a 1954, mai shirya taron horaswa na hutu, ga kuma 'yan agaji na Jama'atu da Izala da Fityanul Islam, su ma da nasu sansanonin. Tsarin duk ɗaya ne: a ari makarantar kwana da ɗalibanta suka tafi hutu, kowane yaro ya zo da tabarma da bokiti da kwano da 'yan mudun hatsi, a yi mako guda ana horo da wa'azi da wasanni.

Sai 2021 ta zo. A watan Maris aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka. A Afrilu aka shiga Jami'ar Greenfield, aka kashe wasu daga cikin waɗanda aka sace. Ranar 5 ga Yuli, cikin dare, aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a Ƙaramar Hukumar Chikun. Iyaye suka sayar da gonaki da filaye, kuma sakin yaran ya ɗauki watanni, kashi-kashi. Tun kafin nan, a Afrilun 2019, an kai hari gidan shaƙatawa na Kajuru Castle, aka kashe mutum biyu, ciki har da wata 'yar Ingila ma'aikaciyar agaji. Kauru ita ma ta sha nata: ƙauyukan ƙasar Chawai sun ga hare-hare da ramuwar gayya, wasu gundumomin kuma sun ga satar mutane a gona da kan hanya.

Dole a faɗi cewa rana ma ba ta zama garkuwa ba. A Kuriga, ranar 7 ga Maris, 2024, da safe aka kwashe yara daga filin taron makaranta, aka sako 137 bayan fiye da mako biyu. Don haka ba wanda zai rantse cewa jeka-ka-dawo maganin komai ne. Sai dai bambancin yana nan. Yara ɗari biyu da ke barci a makarantar da ke bayan gari, da mai gadi ɗaya riƙe da tocila, ba ɗaya suke da yara arba'in da ke yini a tsakiyar gari, kusa da kasuwa da fadar hakimi, su watse kafin magariba kowa ya koma gidan da akwai babba ba. Ana ci gaba da sansanonin kwana a wuraren da hankali ya kwanta, amma iyaye da yawa sun janye 'ya'yansu ba tare da sun yi shela ba.

Gidan kaka shi ne filin ajiye mota

Ga yadda abin zai kasance a aikace, kuma wasu na yin kusan haka ba tare da sun ba shi suna ba. Uba ko uwa ya ɗauki hutun shekara ya dace da Agusta, ko da mako biyu ne. A tafi gida gaba ɗaya, ba a tura yara su kaɗai ba. Masauki ba matsala ba ne: akwai ɗakin da aka gina aka rufe sai Kirsimeti ko Sallah ake buɗewa. Abin da babu shi ne abin da yaro zai yi da yininsa. Ɗan birni da aka sauke a ƙauye ba tsari, kwana uku ya isa ya fara kukan a mayar da shi. Ba wuta, ba talabijin, 'yan uwansa kuma sun tafi gona tun asuba.

Wannan batu na gona shi ne wanda masu shirya irin wannan abu daga birni suke mantawa. Ɗan ƙauye ba shi da hutu a Agusta. Lokacin maimai ne da zuba taki da huɗa, ga kiwon awaki da aka ɗaure saboda shuka, ga 'yan mata da tallar dafaffiyar masara da gyaɗa. Sansanin da aka buɗe ƙarfe takwas na safe, 'ya'yan baƙi da 'ya'yan masu hali kawai zai tara, sauran su leƙo ta taga. Idan ana so ya zama na kowa, sai a juya shi: safiya ta gona ce, ɗan birni ya bi 'yan uwansa ya riƙe fartanya ko da kunya biyu zai yi, hannu ya yi kanta; daga azahar zuwa biyar a taru a firamare. A haka gonar kanta ta zama rabin darasin, kuma babu uban da zai ce an raba shi da mai taya shi aiki.

Masu koyarwa suna nan zaune. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da yawa suna gida ko suna neman abin yi. Akwai malaman da suka yi ritaya, akwai jami'an Brigade da 'yan agaji da suka san yadda ake tafiyar da yara hamsin ba tare da bulala ba. A Kafanchan, Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996 ta daɗe tana koya wa matasan karkara kwamfuta, tun kafin wayar hannu ta cika gari. Sannan ga tsofaffi. Kauru ƙasa ce mai harsuna da yawa, Atsam da Kurama da Rumaya da Surubu da Binawa da Kono da wasunsu, ban da Hausa da Fulatanci, kuma ƙananan cikinsu suna ƙarewa ne a bakin jikokin da aka haifa a birni. Tsohuwa ɗaya da za ta zauna da yara awa guda kullum tana ba su sunayen itatuwa da tatsuniya da harshen gida ta fi lesin na wata guda amfani.

Wuraren kai yara kuwa, yankin bai rasa ba. Ruwan Matsirga yana nan kusa da Kafanchan, kuma a damina ne yake cika ƙarfinsa, ana jin rugugin tun daga nesa, feshin yana jiƙa mutum kafin ya isa. Don haka ma kallo ake yi daga tudu, ba shiga ba. Duwatsun Kagoro suna nan, inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos tun wajen 1927, darasi ce sukutum a kan yadda Ibo da Yarabawa da Hausawa suka taru suka yi gari a ƙasar Fantswam, ko da yake jirgin fasinja ya daɗe da zama labari. Sai ƙauyen Nok a Ƙaramar Hukumar Jaba, wanda sunansa ya zaga duniya saboda mutum-mutumin yumɓu da aka fara tonowa a wurin haƙar kuza a 1928. Yara kan so labarin kan yumɓun nan na Jema'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye kafin ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos a 1943. Ana koyar da Nok a aji a Legas da Landan, amma yaro zai gama sakandare a Kwoi bai taɓa taka wurin ba. Daga Kauru waɗannan wurare tafiya ce mai nisa, ba ta kullum ba. Sau ɗaya a hutu, a fita da sassafe a dawo tun da sauran rana, bayan an tambayi direbobin tasha da 'yan sintiri halin da hanya take ciki a wannan makon.

Sauran hidimar ƙanana ce amma ita ke ɓata tafiya. Agusta watan sauro ne, ɗan birni kuma ba ya jure zazzaɓi kamar yadda ake zato. Gidan sauro ya riga kayan kwalliya shiga jaka. Ruwan rijiya a damina yakan gurɓata, a tafasa. A san asibitin da ya fi kusa da wanda zai kai yaro a babur idan dare ya yi. Rafin da aka tsallaka da ƙafa da safe yana iya cin mutum da yamma idan an yi ruwa a kan tudu, ko da ɗigo bai sauka a garin ba. A rubuta sunan kowane yaro da wanda zai zo ɗaukarsa. Kuɗi kuma a yi shi a fili: 'yan birni su biya, 'ya'yan gari su kawo abin da ya sawwaƙa, ko mudun masara ne, don a dafa abin da za a ci tare.

Akwai wani abu da sansanonin coci da na masallaci, duk da alherinsu, ba su iya yi ba. Kowanne nasa yake tarawa. Yankin da ya ga rikicin Kafanchan na Maris 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na 2011, ya wayi gari unguwanni sun rabu, makarantu sun rabu, har filin ƙwallo ya rabu a wasu garuruwan. Ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Manya ne suka sa hannu. Yaran da aka haifa a 2016 sun riga sun shiga makaranta, kuma da yawansu ba su da aboki ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren. Ba uban da zai bar ɗansa ya kwana mako guda a sansanin wani addini, wannan a bar shi. Amma awa uku da rana a firamaren gwamnati, ƙarƙashin idon limami da fasto da mai unguwa, ana ƙwallo da dasa itace da lissafi, kowa ya tashi lokacin ibadarsa, wannan abu ne da za a iya nema a samu. Ɗan ruga ma, in an sa lokacin daidai da dawowar shanu, zai zo.

Abin da ake buƙata daga hukuma kaɗan ne: sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya ba da izinin buɗe aji biyu ko uku a watan Agusta, a sanar da 'yan sanda da 'yan sintiri, hakimi ya sa albarka. Ba a buƙatar kwangila, ba a buƙatar kwamiti mai mutum talatin. Sauran aikin na ƙungiyoyin ci gaban gari ne, waɗanda ke taro duk wata a Kaduna da Abuja suna tara kuɗin bikin ƙarshen shekara, da Zumuntar Mata, da kwamitocin Islamiyya. Kuɗin kujeru da rumfa na biki ɗaya zai ɗauki nauyin sansanin mako biyu.

Ga masu niyya: a fara da gari ɗaya, yara talatin ko arba'in, mako biyu. A kai maganar taron ƙungiya tun watan Mayu, a nemi izinin makaranta a Yuni, iyaye kuma su cike takardar hutu a ofis kafin a ba yara sakamako.